«Munka ci», «ya kashe mu»

A watan Disamba na 2011, a birnin Akara na ƙasar Gana, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta bayyana cewa a duk nahiyar nan babu kocin da ya kai wani ɗan Nijar aiki a wannan shekara. Sunansa Harouna Doula Gabde. Wata guda da ƴan kwanaki bayan haka, a Libreville, ana tsakiyar gasar cin kofin Afirka, hukumar ƙwallonmu ta karɓe ragamar Mena daga hannunsa ta miƙa wa wani Bafaranshe. Wasa ɗaya tak aka ci shi a gasar, wasan farko, kuma da masu masaukin baƙi.

Kowa na iya zagin hukuma, kuma zagin hukuma ba ya cin kuɗi. Ni da mu nake, ƴan uwa, mu da muke zaune bisa tabarma da benci muna jiran shayi na biyu. Hukuma ba ta taɓa mutumin da jama'a ke so sai ta yi lissafi sau goma. Wanda ba a so kuwa, ko kofi ya ɗauko, tunkuɗe shi ba ya buƙatar taro. Ku gwada abin da nake faɗi yau da dare. Ku shiga fada a Bagalam ko Mokoyo ko Ali Ɗan Sofo ku ce: wa ya kai mu CAN karon farko? Kafin ku rufe baki za a ce Maazou. Wani zai ce Kassaly, mai tsaron gida. Mai barkwancin fadar zai ce ƴan Afirka ta Kudu ne da ba su iya lissafi ba, a yi dariya. Dattijon fadar zai ce ikon Allah, kowa ya ce haka ne. Sai kun matsa, kun ce to wa ke bisa benci, sannan wani zai sosa ƙeya ya tuno.

Bari mu tuna abin da mutumin ya yi, tunda yawancinmu muna lakwal ɗin firamare a lokacin, labarin kuma ya iso mana a gutsure.

Rukunin da aka jefa Nijar a ciki, na neman zuwa gasar 2012, ƙasashe huɗu ne: Masar, Afirka ta Kudu, Saliyo da mu. Masar ita ce ta ɗauki kofin a 2006, ta sake a 2008, ta sake a 2010, sau uku a jere, abin da babu ƙasar da ta taɓa yi. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da gama karɓar baƙuncin kofin duniya ba. Ɗaya ce za ta wuce kai tsaye. Duk wanda ya ce a lokacin Nijar ce, da an tambaye shi ko lafiya. Wasan farko, a Satumban 2010, Afirka ta Kudu ta ci mu biyu da nema. Wata guda bayan nan Masar ta zo Yamai, filin Seyni Kountché, Moussa Maazou ya jefa ƙwallo ɗaya, aka tashi ɗaya da nema. A Maris na 2011 muka ci Saliyo uku da ɗaya, suka rama ɗaya da nema a gidansu a watan Yuni. A Satumba Afirka ta Kudu ta zo Yamai ta sha kashi biyu da ɗaya. Ranar ƙarshe, a Oktoba, Masar ta zuba mana uku a Alƙahira, yayin da Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi babu ci a Nelspruit. Ƙasashe uku suka tsaya da maki tara-tara. Ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye ake dubawa. Dokar gasar kuwa cewa ta yi a duba wasannin da ukun suka yi a tsakaninsu. A nan Nijar na da maki shida, su biyun biyar-biyar.

Na san abin da za ku ce, don na sha jinsa: sa'a ce. Kuma masu faɗin haka suna da abin riƙewa, ba zan ɓoye shi ba. Duk wasannin waje uku an ci mu, ba mu jefa ko ƙwallo ɗaya a waje ba. Shida muka ci, takwas aka ci mu. Ƙungiyar da aka fi zura mata fiye da yadda ta zura, ta zama ta ɗaya a rukuni, lalle abin ya yi kama da wasan yara.

To amma ku duba inda makin tara ya fito. Wasa uku a gida, nasara uku. Wannan ba ya faɗowa daga sama sau uku a jere bisa kan Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu. Mutum ne ya zauna ya dubi abin da ke hannunsa: ƴan wasan da yawancinsu a gida suke bugawa ko a ƙungiyoyin maƙwabta, mai tsaron gida na kirki, ɗan gaba ɗaya mai gudu da ƙarfi, da zafin Yamai wanda baƙo ba ya so. Ya gina wasansa a kan waɗannan, ya toshe baya, ya jira. Manomin Jiratawa da ke da rabin eka a bakin ruwa ba ya shuka abin da ya gani a tele, abin da ƙasarsa ke karɓa yake shukawa, kuma ba mu ce masa mai sa'a in ya cika buhu. Kuma in sa'a ce, me ya sa ta bi mutum ɗaya har Sudan? A farkon shekarar 2011 ɗin nan, a gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida, shi ne ya kai Mena zagayen ƙungiyoyi takwas, bayan ya fitar da Nijeriya tun a wasannin share fage. Dokar da Pitso Mosimane da mutanensa ba su karanta ba, ba Doula ya ɓoye musu ita ba.

Tunda harshe nake karanta, ku bar ni in ja ku gonata kaɗan. Ku saurari fada ranar da Mena ta yi nasara, ku saurare ta ranar da ta faɗi, ku bi wakilin suna kawai. Ranar nasara: «Munka ci su!» «Mun gwada musu!» Mu. Mai shayi da bai taɓa buga balo ba yana ciki, ni ma ina ciki. Ranar faɗuwa kuwa ba ka jin «mun faɗi» sai jefi-jefi. Da farko «an ci mu» ne, wato wani wanda ba a ambata ba ya yi mana abu. Kafin shayi na uku an gano mai laifin: «Shi ya kashe mu.» «Mi ya kai shi hidda yaron nan?» «Wannan ai bai san komi ba.» Nasara jam'i ce, mai magana na ciki. Faɗuwa tilo ce, namiji, mutum na uku, yana tsaye a bakin layi. Kun ga ke nan a nahawun fada babu jimlar da koci ke cin wasa a cikinta. Gurbin aikau na nasara mun riga mun zauna a kai, sai na faɗuwa muka bar masa.

Ita kanta kalmar da muka ba shi ba ta taimake shi ba. A rediyo «mai horarwa» ake cewa, ko «mai horar da ƴan wasa». Horo a Hausa fuska biyu gare shi. Akwai horon da ake yi wa doki ko soja don ya ƙware, akwai kuma horon da ake yi wa yaron da ya yi laifi. Wanda ya tashi a hannun mushe mai bulala, in ya ji «mai horo» ba abin ƙauna ne ke fara zo masa a rai ba. Ɗan wasa muna da kalmomi masu daɗi da muke zuba masa: gwani, maye, dodon raga, namiji. Koci fa? In ya yi ƙoƙari ƙwarai, iyaka a ce «ba laifi». Sai kuma kalmar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, «ɗan gida». A ko'ina cikin Hausa ɗan gida matsayi ne, shi ke shiga har ɗaki ba sallama. A bakin masu ƙwallo kaɗai ta koma ragi. «Kocin gida ne» na nufin na wucin gadi, mai arha, wanda ake ajiyewa kafin na gaske ya iso. Baturen kuwa tun kafin jirginsa ya sauka an raɗa masa suna: ƙwararre.

Ƙwararren da aka kawo mana a ƙarshen 2011 shi ne Rolland Courbis, tsohon kocin Marseille da Bordeaux. Da sunan mai ba da shawara ya zo. Ku tsaya nan tukuna. Mutum ya fitar da mai riƙe da kofi, nahiya ta ba shi lambar yabo, sai aka ga yana buƙatar wanda zai riƙa raɗa masa a kunne. Ranar 23 ga Janairun 2012 Gabon ta ci mu biyu da nema a Libreville, Aubameyang na cikin waɗanda suka ci. Ƙasar da ba ta taɓa zuwa gasar ba, wasanta na farko, gaban jama'ar masu gida. Daga nan mai ba da shawara ya zama mai gida, mai gida ya koma gefe. Sakamakon gyaran fa? Tunisiya ta ci mu biyu da ɗaya, Maroko ta ci mu ɗaya da nema, muka dawo ba maki ko ɗaya. Bayan ƴan watanni Courbis ya kama gabansa. Sai aka ɗauko Gernot Rohr, Bajamushe, wato mutumin da ke bisa bencin Gabon ranar da aka ci mu biyun nan. Rohr ya fitar da Gini ya kai mu gasar 2013, da kusan yaran da Doula ya haɗa, ya samo mana maki ɗaya a wasan da muka tashi babu ci da Kwango Kinshasa. Ban raina makin ba. Amma tun daga 2013 ba mu sake leƙa gasar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ko da wasu sun yi gunaguni a lokacin, gunagunin bai kai ƙarfin da zai sa wani ya sake tunani ba. Wannan shi ne abin da nake so mu kalla. Da Maazou aka ajiye a benci ranar, da garin nan bai yi barci ba.

Wani abokina da ya karanta wannan rubutu tun yana guntu ya ce mini: kai dai ka ce launin fata ne ka huta. Ban yarda ba, domin Rohr ɗin nan da kansa ya ƙaryata haka. Ya koma Nijeriya a 2016, ya kai su kofin duniya na 2018, ya zo na uku a gasar Afirka ta 2019 a Masar, kuma duk wanda ke sauraren tashoshin Kano da Katsina ya san ƴan Nijeriya ba su taɓa ƙaunarsa ba. Wasansa ba daɗi, ba ya kallon ƴan wasan gida, tsoro ya yi masa yawa, haka aka yi ta faɗi. Bature ma ana ƙin sa. Bambancin yana ga abin da ƙiyayyar ke jawo wa kowa. Rohr da ba a so ya yi shekara biyar da ɗoriya a kujerar, sai a Disamban 2021 aka sallame shi, kuma da takardar kwangila a hannu wadda ya kai ƙara da ita. Yanzu ku ajiye shi kusa da Shuaibu Amodu. Amodu ya kai Nijeriya kofin duniya na 2002, ya zo na uku a gasar Afirka a Mali, aka kore shi kafin a tafi. Ya dawo, ya sake kai su na 2010, ya sake zuwa na uku a Angola, aka sake korarsa, aka ɗauko Lars Lagerbäck na Suwidin, wanda ya je Afirka ta Kudu ya dawo da maki ɗaya. Sau biyu mutum na dafa tuwon biki ana hana shi shiga rumfa. Ya rasu a Yunin 2016, kwana uku bayan Stephen Keshi, wanda shi ma Togo ta yi masa irin wannan a 2006. Ranar rasuwar kowa ya zama masoyin Amodu. Rashin ƙauna ga baƙo surutu ne da yake ji ta taga. Ga ɗan gida kuwa takardar sallama ce da jama'a suka riga suka sa wa hannu, hukuma ta cike kwanan wata kawai.

A gidajen kallo muna ganin irin wannan a Turai muna tafi, ba mu lura da kanmu muke kallo ba. Ƴan Barcelona na garin nan, ku tuna yadda kuka yi da Ernesto Valverde: kofin lig biyu a jere, 2018 da 2019, aka kore shi a Janairun 2020 ƙungiyar tana saman tebur, kuka yi murna. Ƴan Chelsea sun yi wa Rafael Benítez ihu tun ranar farko, ya ɗauko musu kofin Europa a 2013, bai sa sun so shi ba. Amma waɗannan sun tafi da miliyoyinsu, wata ƙungiyar na jiransu. Kada mu ɗauki halin masu ƙoshi mu ɗora wa mai yunwa.

Akwai ƙorafi guda da na ɗauka da muhimmanci, shi ne na masu cewa so ba bashi ba ne. Ƙwallo nishaɗi ce, in wasan mutum bai yi mini daɗi ba, ba dole in so shi don ya ci. Gaskiya ne, ba a tilasta wa zuciya. Ni ma na fi son in ga an yanke mutum uku an ɗaga raga da in ga mutum goma sun jeru a baya minti casa'in. Amma a yi mana adalci a faɗi wane wasa mai daɗi ne aka hana mu. Yaushe Mena ta taɓa yin wasan Barazil har wani ya zo ya lalata? Muna kallon Real Madrid ranar Asabar bisa ciyawa kamar darduma, ranar Lahadi mu auna namu da wannan mudun. Ɗanɗanonmu a tele aka gina shi, da kuɗin wasu, sannan muka zo muna hukunta mutumin da ke aiki da abin da ƙasar nan ta ba shi. Kuma ban ga wasan ya ƙara kyau ba da aka sauya hannu a Libreville. In da daɗin wasa ne damuwarmu da gaske, da mun yi wa Courbis irin hukuncin da muka yi wa na gida.

Ina ganin asalin abin ya fi ƙwallo tsufa a wurinmu. Mu mutanen kokowa ne. Filin kokowar garin nan sunan Kantu yake ɗauke da shi, wanda ya ɗauki takobin farko a 1975, kuma yaron da aka haifa shekara talatin bayan haka ya san sunan. Me ya sa? Domin ɗan kokowa yana da baki. Yana fitowa tsakiyar fili ya yi kirari da harshen da kakarka ke ji, makaɗi na bin sa, maroƙi na ɗaga shi. Ƙaunarmu ta kunne take shiga. Wanda ya iya faɗin kansa, ko aka iya faɗinsa, shi muke so. Hatta a kokowar, kowace jiha na zuwa da masu horar da ƴan wasanta, amma in aka yi kaye wa ake tambaya? Malamin wa, bokan wa. Mun fi yarda da laya a damtse da mu yarda cewa wani ya zauna ya nazarci ƙafar abokin karawa. Koci ba shi da kirari, ba shi da makaɗi. In an gama wasa aka miƙa masa makirfo, Faransanci zai yi, na takarda, irin wanda ake cewa mun yi iya ƙoƙarinmu, za mu gyara kurakurai. Rabin masu kallo ba su ji ba, rabin da suka ji ba abin da ya taɓa su. Aikinsa kuma duk a ɓoye yake: atisayen safe da ba mai kallo, rarrashin yaron da ba a biya ba, shawarar ajiye wanda jama'a ke so don ya ga abin da ba mu gani ba. Abin da ya hana faruwa ba ya fitowa a tele. Ba wanda ke tafi don ƙwallon da Masar ba ta ci ba.

Da a Yamai abin ya tsaya, da ban ɓata takardar ƙungiyarmu ba. Amma ku dubi filayen unguwa da na makarantu, daga nan har Tibiri. Duk ƙungiyar da kuka gani tana gasar babban hutu, akwai wani a bayanta wanda ba a biya. Sau da yawa mushen wasanni ne, ko wani yayanmu da gwiwa ta hana shi ci gaba da bugawa. Shi ke bin gida-gida yana roƙon iyaye su bar yaro ya zo. Shi ke haɗa dala-dala a sayi balo, shi ke wanke riguna, shi ke biyan kabu-kabu in yaro ya gurɗe. A jami'a ma haka, gasar tsakanin sassa ba ta tashi sai wani ɗalibi ya bar karatunsa ya riƙe usur da takardar sunaye.

Na ga ɗaya da idona, a wata makarantar sakandare da ba zan faɗi sunanta ba. Malamin ya karɓi ƙungiyar da kowa ke lallasawa, shekara biyu a jere yana kai ta wasan ƙarshe, ya ɗauki kofi a ta biyu. Mutum ne marar fara'a, ba ya wasa da lokaci, kuma ya yi laifin da ba a yafewa: ya ajiye yaron da ya fi kowa iya yanka, saboda ba ya zuwa atisaye kuma ba ya komawa baya in an ƙwace. Ranar kofin, a kafaɗa aka ɗauki wanda ya ci ƙwallon, aka zaga da shi. Malamin yana can yana tattara robobin ruwa yana ƙirga riguna kada ɗaya ta ɓace. A hanyar komawa abin da ƴan ajinmu ke faɗi shi ne, da ya sa wane da uku za mu ci ba ɗaya ba. An ci kofi, ana tuhumarsa da ƙwallaye biyun da ba a ci ba! Da shekara ta kewayo aka fitar da su a zagaye na biyu, sai ga sunansa a bangon bayan aji da gawayi, da kalmar da ba zan maimaita ba. Ba wanda ya kore shi, ai ba albashin koci yake ɗauka ba balle a tsayar. Da kansa ya ajiye, ya koma yin awowinsa kawai ya tafi gida. Ƙungiyar ta koma yadda ya same ta, kuma har yau in tsofaffin ɗalibai sun haɗu, yaron mai yanka ake tunawa.

Irin wannan ajiyewar ba ta shiga labarai, amma ita ke cin ƙwallon garin nan. Muna ta tambaya me ya sa Maradi, mai yawan jama'a da kuɗin kasuwa haka, ba ta da ƙungiyar da ke girgiza ƙasa. Muna cewa ba fili, ba tallafi, alhazai sun fi son kokowa. Duk gaskiya ne. Amma yaro mai shekara ashirin da biyar da ke da kan koyarwa, wanda ya iya karanta wasa, me zai gani ya ce wannan hanyar zan bi? Ya ga wanda ya fi kowa a Afirka an ture shi bayan minti casa'in. Ya ga mushensa an rubuta shi a bango. Jangorzo ta garin nan ta zama zakaran Nijar a 1983, manyanmu na faɗin haka da alfahari, kuma ya kamata. Ku tambaye su wa ya horar da ƙungiyar, ku ƙirga mutum nawa za ku bi kafin ku samu amsa. Haka Dan Kassawa, in ta ci wasa sunan wa ke yawo a gari, in ta faɗi sunan wa?

Kada a ce ina neman a daina sukar koci. A soke shi mana, aikinsa ne ya sha suka. Amma suka tana da ƙa'ida, wadda muke bi a komai ban da nan. In tela ya ɓata maka riga ɗaya bayan ya ɗinka maka tara masu kyau, ba ka cewa bai taɓa iya ɗinki ba. Wanda ya ce «shi ya kashe mu» ranar faɗuwa, to bakinsa ya iya cewa «shi ya tsara mana» ranar nasara. In ba zai iya ta biyun ba, ta farkon ba sharhi ba ce, neman wanda za a ɗora wa kaya ne. Kuma mu da muke rubutu a wannan ɗan littafi, da masu shiga rediyo ranar Litinin suna sharhin wasanni da Hausa, muna da abin yi a hannu wanda ba ya buƙatar izinin kowa. In za a ba da labarin wasa, a faɗi sunan mai benci a jimlar nasara. In an shirya gasar sassa ko ta unguwa, a cikin jikkunan da ake kashewa wajen kofi da lasifika a ware wani abu na kocin da ya fi, a kira shi tsakiyar fili gaban jama'a. A miƙa masa makirfo ya yi bayani da Hausa me ya sa ya ajiye wane, mu ji dalilinsa kafin mu yanke.

Doula dai bai yi zuciya ya bar aikin ba, ko da yake da ya yi ba mai ganin laifinsa. Shekara goma sha ɗaya bayan Libreville, a farkon 2023, shi ne kuma bisa bencin Mena ta ƴan wasan gida a gasar CHAN a Aljeriya. Wannan karon ba labari aka ba mu ba, mun kalla da idonmu. Ya tashi babu ci da Kwango, ya ci Kamaru ɗaya da nema, ya ci Gana biyu da nema, ya kai Nijar wasan kusa da na ƙarshe, matakin da babbar ƙungiyarmu ba ta taɓa takawa ba a wata gasar CAF. Sai Aljeriya, mai masaukin baƙi, ta ci mu biyar, Madagaska kuma ta karɓe na uku da ƙwallo ɗaya. Daren Gana, a gidan kallon unguwarmu, har mai janareta sai da ya ce «munka gama da su». Daren Aljeriya, tun ana uku, wani daga bayana ya miƙe ya ce tsohon nan ai tun can bai iya ba, a nemo Bature. Mutum biyu ko uku ne suka juya suka dube shi, sauran suka ci gaba da kallo.